Rasuwar Mai-Ƙaho, Rautar Gidan Mai Walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata tambaya da ta tsaya mana a maƙogwaro, iyalan gidan Mai Walda ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, musamman maƙwabtan da suka san lambar sirrinta ba tare da an ba su ba, rasuwar rautar gidan, wato na'urar nan mai rarraba intanet, wadda kowa ya fi sani da Mai-Ƙaho. Tambayar ita ce: idan mutum ya ɗura wa mai lafiya magani har rai ya yi halinsa, alhali ƙauna ce ta sa shi, mai jinya ne sunansa ko mai kisa? Maigidan marigayiyar ya juya wannan tambaya ta kowace fuska, yadda yake juya ƙarfe a kan teburin aikinsa, bai ga inda ake kama ta ba.

Marigayiyar ta rasu ranar Asabar da yamma, a kan kabad ɗin falo, bayan gajeriyar rashin lafiya da daga baya aka gano ba ta taɓa yi ba.

Ta shigo gidan ne cikin farin kwali, baƙa, 'yar shafal, da ƙaho biyu a kanta. Ɗaya a miƙe yake har ta koma. Ɗayan ya ɗan karkace tun ranar da labule ya kwaso ta ta faɗo, kuma ba ta taɓa riƙe labulen a zuci ba. Tana da ƙananan idanu kore a jere, waɗanda ba sa gajiya da ƙiftawa. Ba ta da surutu. Duk abin da aka taɓa ji daga bakinta wani siririn "ziii" ne, shi ma sai ka kara kunne. Mai riƙon amana ce: ta san abin da kowa ke kallo a gidan nan, ba ta taɓa kai tsegumin wani wurin wani ba. Hannunta a buɗe yake. Ta ciyar da na gida, ta ciyar da baƙo, ta ciyar da mai shagon bayan katanga wanda kullum sai a daidai tagar falo yake jin daɗin shan iska. Idan wuta ta ɗauke sai ta yi shiru. Idan ta dawo sai ta tashi ta kama aiki, ba ƙorafi, ba neman a gode mata.

Amma babban aikinta ba kowa ya san shi ba, kuma saboda shi ne wannan rashi ya fi ƙarfin a ce "a sayo wata."

Mai Walda yana da ƙane, Auta, wanda aiki ya kai wata ƙasa mai nisa. Shekarun baya Mama ta kwanta ciwo. Mai Walda ya ɗauke ta daga wani asibiti zuwa wani bai shawarci kowa ba, Auta kuwa sai a bakin gwaggonsu ya ji. Ya bugo waya, aka faɗi maganganu irin waɗanda ba sa komawa ciki. Auta ya ce, "Ni ma fa ita ta haife ni." Mai Walda ya ce, "Mai riƙe tasar amai shi ke da shawara, ba mai aiko gaisuwa ba." Mama ta warke sumul, ta koma kan kujerarta tana ba kowa umarni. 'Ya'yan ne ba su warke ba. Daga ranar ba kira, ba saƙo.

Sai dai tun suna gida ɗaya suke buga ƙwallon gem, wato wasan ƙwallo na kan talabijin, kuma bayan faɗan babu wanda ya goge wani daga jerin abokan wasansa. Wata Asabar da yamma gayyata ta faɗo a kusurwar talabijin, ba sallama ba gaisuwa, sunan wasan Auta kawai da tambayar ko za a karɓa. Mai Walda ya daɗe yana kallonta, har ta kusa ɓacewa, sannan ya danna. Auta ya lallasa shi ba tausayi. Asabar ta zagayo, ya rama. Tun daga nan abin ya zama ƙa'ida. Kowa ya toshe makirfonsa, ba mai cewa uffan, amma Mai Walda yana karanta ƙaninsa a ƙafafun 'yan wasa. Idan Auta ya cika keta, an ɓata masa rai a wurin aiki ke nan. Idan ya ci ƙwallo bai tsaya murna ba, gajiya ce. Idan ya bari aka ci shi a banza a minti na ƙarshe, to ranar yana jin kewar gida, kuma Mai Walda kan yi kamar bai gane ba. Akwai wani ɗigon kore da ke haskawa kusa da sunan Auta idan ya hau wasan. Wannan ɗigo shi ne "ina nan lafiya," shi ne "ya Mama," shi ne komai. Marigayiyar ce ke ɗauko shi daga can ta kawo shi falo, mako bayan mako, ba ta taɓa tambayar me ya hana mutanen nan biyu magana da baki ba.

Ga yadda jinyar ta kasance, don masu tambaya su huta.

Ranar Asabar Mai Walda ya rufe shago da wuri, ya wanke baƙin ƙarfe daga hannunsa, ya zauna ya kunna gem. Wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa a fuskar talabijin. Ta juya, ta juya, sannan rubutu ya bayyana cewa an kasa haɗawa, a sake gwadawa. Ya sake. Da'irar ta sake juyinta. Ya buɗe jerin abokai, ya tarar da shi wayam, ba suna ba ɗigo.

A nan zuciyarsa ta kawo masa abu biyu. Ko dai ciwon na gidansa ne, ko kuma Auta ya gaji ya goge shi. Na uku, wato cewa manyan injinan kamfanin wasan ne suka durƙushe, ya zo masa shi ma, don ba jahili ba ne. Mutum ne da ya koya wa kansa abubuwa da yawa daga tsofaffin littattafai da bidiyon waya. Ya ɗauki wayarsa ya shiga shafin da kamfanin ya ware don nuna lafiyar wasan. Layi bayan layi, kore shar. Shiga wasa, lafiya. Jerin abokai, lafiya. Komai lafiya. Muna roƙon masu karatu su riƙe wannan kore a ransu, domin da shi aka yanke wa baiwar Allah hukunci. Tunda kamfani ya wanke kansa, saura biyu, kuma a cikin biyun Mai Walda ya san wanda yake fata. Ciwon rauta yana da magani a hannunsa. Ɗayan ba shi da shi.

Matarsa tana kishingiɗe a doguwar kujera tana kallon bidiyon ɗinki a wayarta, ta hanyar marigayiyar nan dai da ake zargi.

"Baban yara, ni fa tawa tana tafiya lafiya lau. Ko sarƙewa ba ta yi."

"Waya daban, gem daban. Keke ma yana bin lungun da babbar mota ba ta bi."

"To ka kira Auta mana, ka ji ko can ma haka ne. Magana ɗaya ce."

"Ni zan kira shi? Wa ya riga wani zuwa duniya?"

"Au, wannan ma sai an duba takardar haihuwa?"

Ya tashi ya kashe marigayiyar, ya jira, ya kunna ta. Ta tashi ta ƙifta masa idanu kamar kullum. Ya zare kebul ya hure shi ya mayar. Ya karkata ƙahonninta gabas, ya karkata su yamma, ya haɗe su, ya raba su. Ya sauke ta daga teburinta ya ɗora kan kabad, wai ko ta sha iska. Ya shiga cikin gem ya canja wasu lambobi da wani mutum mai saurin baki ya rantse a bidiyo cewa su ne maganin kowace cuta. Da'ira ta ci gaba da juyawa. Ya sake leƙa shafin kamfani, kore. Lokacin da suka saba haɗuwa yana ta wucewa, shi kuwa idonsa na ganin Auta a wani ɗaki da bai taɓa shiga ba, riƙe da hannun gem, wato rimot ɗin wasan, yana kallon sunan yayansa a dushe yana gyaɗa kai, yana cewa dama na sani.

Sai ya ɗauko tsinke. A bayan marigayiyar akwai wani ɗan rami wanda idan aka soka aka danne, takan manta duk abin da ta sani. Ya soka. Ta manta sunan da aka raɗa mata, ta manta lambar sirrinta, ta manta mai shagon bayan katanga, wanda aka ji ya yi tsaki ya bar wurin. Duk da haka ta farfaɗo, ta karɓi wayar matar gidan kamar baƙuwa, ta ci gaba da kawo bidiyon ɗinki. Ko a lokacin ba ta yi fushi ba. Shaidar lafiyarta tana nan a fili, a hannun matarsa, tana koyar da yadda ake yanka wuyan riga. Amma wanda ya riga ya zaɓi mai laifi ba ya sauraron shaida.

Matar ta shiga kicin. Mai Walda ya tsaya gaban kabad, hannu a ƙugu, sai sana'arsa ta yi masa magana. Rabin rayuwarsa ya yi shi a kan darasi ɗaya: idan ƙarfe ya ƙi kamawa, wuta ce ba ta isa ba, a ƙara. Bai taɓa ganin wannan darasi ya ba shi kunya ba. Ya dubi 'yar cajar marigayiyar, ƙarama, mara nauyi, ya ce a ransa wannan ce ta tsufa, ta bar yarinya da yunwa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko cajar laftof ɗin matarsa, ƙatuwa mai nauyin bulo. Da bakin cajar ya ƙi shiga, da yau ba mu rubuta wannan ba. Sai ya shiga daidai, kamar don ita aka ƙera shi.

Idanun marigayiyar suka haska gaba ɗaya, wani irin haske da ba a taɓa ganin ta yi ba, har Mai Walda ya fara murmushi. Sannan ta yi maganarta ta ƙarshe: "Ɗas."

Wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan bayanta ya bi silin.

"Me ke ƙonewa?" in ji matar daga kicin. "Ni dai ba tukunyata ba ce." Can kuma ta ce, "Baban yara, wayata ta tsaya."

An kira maƙwabci, mai gyaran waya, don ya duba gawar. Ya kwance ta a kan jarida, ya kai hanci ya shinshina, ya dubi cajar laftof, ya dubi Mai Walda.

"Maigida, wannan ai ƙalau take kafin ka taimake ta."

"Ba ta haɗa gem."

"Wane gem? Wanda ya faɗi a duniya gaba ɗaya tun da rana? Masu zama a shagona har sun koma karta. Kai kaɗai ne ba ka ji ba? Da ka tambayi ko mutum ɗaya mai bugawa, ai da ya gaya maka."

Matar ta buɗe baki, ta dubi fuskar mijinta, ta rufe. Muna shaida mata wannan alheri.

Bayan hayaƙi ya lafa ne shafin kamfanin ya ga damar sauya launi daga kore zuwa ruwan ɗorawa. Suka rubuta cewa wasu ƙalilan daga cikin masu wasa na iya fuskantar ɗan jinkiri, kuma suna godiya da haƙurinmu. Ƙalilan. Na iya. Ɗan jinkiri. Duniya ta kwana biyu ba ta ga kalmomi uku da suka yi ƙarya tare cikin ladabi irin waɗannan ba. Haƙurin da suke godiya a kai kuwa, ba su roƙa ba, ba mu bayar ba. Da sun faɗi gaskiya tun da rana, da layi ɗaya ya isa: laifinmu ne, ku bar na'urorinku su huta. Wa ya san gidaje nawa aka soka wa tsinke a ranar? Wa ya san rauta nawa aka mara, aka jijjiga, aka zaga, saboda wani yana zaune a ofis mai sanyi yana jin nauyin danna ja?

Mai Walda ya zauna ya raba laifin kashi-kashi, don mutum ne da ba ya barin magana a dunƙule. Ya ba kamfani kaso mai tsoka, tunda wanda ya ce lafiya alhali ba lafiya ya ɓatar da likita. Ya ba wanda ya ƙera bakin caja biyu iri ɗaya alhali cikinsu daban, domin wanda ya haƙa rami a hanya ba zai ce ƙafa ce ta zo da kanta ba. Ya ba mai saurin baki na bidiyo. Ya ɗan gutsura wa Auta, saboda shi ma yana da waya kuma yana da yatsa. Amma duk yadda ya raba, sai ya ga ragowa a faranti, kuma kowa ya tashi sai shi. Abin da ya fi cin ransa ba cajar ba ce, don kuskuren hannu kowa na yi. Abin shi ne ya yi wa marigayiyar fatan ciwo. Ya so a ce ita ce ba ta da lafiya, don kada ya yi tambaya ɗaya da zai iya jin amsar da ba ya so. Shin wanda ya yi wa bawansa fatan cuta don ya tsira da girmansa, yana da bakin yin kuka a kan gawarsa? Yana kukan dai. Ko ya halatta, bai sani ba.

Washegari wasan ya dawo. Duniya ta koma buga ƙwallonta kamar ba a yi komai ba, ban da gida ɗaya. Mai Walda ya gwada jona gem da datar wayarsa, sai gem ɗin ya ce ba zai buɗe ba sai ya sauke wani ƙaton gyara da kamfanin ya aiko. Sabis kuwa a gidan nan sai an manna waya da taga. Ya tsaya a tagar, hannu a sama, yana kallon layin saukewa yana tafiyar hawainiya, har ya tsinke ya koma farko. Masu kawo intanet sun ce za su turo ma'aikacinsu da sabuwa "cikin mako," kuma duk wanda ya taɓa jiran ma'aikaci ya san faɗin wannan mako. Ma'ana, a can ƙasa mai nisa, Auta yana ganin ɗigon kowa ya dawo kore, ban da na yayansa.

Marigayiyar ta rasu ta bar akwatin gem, abokin zamanta, wanda yanzu ke zaune a ƙarƙashin talabijin ba ya gane kowa. Ta bar hannayen gem guda biyu, tagwaye, ɗaya mai lafiya, ɗaya mai jan 'yan wasa hagu ko ba a taɓa shi ba. Ta bar wayar matar gida, wadda ta koma cin data da tsada, da laftof wanda cajarsa ke tsare a ɗaki ba a yarda ta fito falo ba. Ta bar mai shagon bayan katanga, wanda ya zo gaisuwa da fuskar da ta fi ta kowa nuna rashi. Ta kuma bar 'yar cajarta ta asali, wadda aka yi wa ƙazafin tsufa, aka gwada aka tarar lafiyarta lau. Iyalai na neman afuwarta a bainar jama'a.

Mai Walda ya je wurin Mama, ya zauna a ƙasa kusa da kujerarta, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ƙafa, ya tambayi baya, sannan ya ce, "Mama, idan kun yi waya da yaron nan, ki ce masa na'urarmu ce ta lalace. Kada ya ga shiru."

"Wane yaro?"

"Kin sani ai."

"Ni 'ya'ya biyu na haifa, kowanne da sunansa, kowanne da bakinsa." Ta gyara zama. "Wadda ta saba kai muku saƙo ka kashe ta, shi ne ka zo ka ɗauke ni aikinta? Ni ba ni da ƙaho. Ciwon da kuka yi faɗa a kansa ma ni na manta a wane gefe yake. Tashi ka ba ni wuri, ka tare min iska."

Dangane da jana'iza, iyalai na sanar da cewa an mayar da marigayiyar cikin farin kwalin da ta zo da shi, an naɗe mata ƙahonninta a gefe. Za a sa ta a durowar ƙasan talabijin, makwancin dangi, inda tsofaffin wayoyi biyu da rimot mara murfi suka riga ta. Mai gyaran waya ya nemi a ba shi ƙahon da bai karkace ba, an hana. Ana karɓar gaisuwa a falo da kuma shagon walda, da baki ko da ƙafa. Masu niyyar aiko dogon bidiyo na ta'aziyya su ji tausayin datar gidan. Ba a buƙatar shawara daga kowa a kan abin da ya kamata a yi tun farko, an samu isasshiya.

An so a rufe durowar tun da hantsi. Sai matar gidan ta ɗora hannu a kan kwalin ta ce ba a binne mamaci sai an sanar da duk wanda ya yi wa hidima, kuma akwai mutum ɗaya da ta fi yi wa aiki bayan mai gidan nan, bai ji ba. Ta ajiye wayar Mai Walda a kan kwalin, ta koma kicin, ta ja ƙofa.

Mai Walda ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ɗauka ya je taga, inda sabis yake. Lambar tana nan, bai taɓa gogewa ba. Ƙara ɗaya ta yi aka ɗauka, kamar mai ita yana riƙe da ita a hannu.

"Yaya? Lafiya?"

Mai Walda ya gyara murya. Duk jawabin da ya shirya ya bi iska.

"Ranar Asabar," ya ce, "can ma ya ɗauke muku?"

Ya cire wayar daga kunne ya duba ko ta yanke, sannan ya mayar.

"Ya ɗauke," in ji Auta. "Ni na ɗauka goge ni ka yi."

Za a rufe durowar da zarar sun gama magana. Har zuwa lokacin da aka kammala rubuta wannan sanarwa, yana tsaye a taga.